RUWA BA SHI DA ABOKI: Darasi Daga Masu Tuƙin Kwazazzabo Da Matuƙan Kogin Kwara

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban makarantar nan ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya, a Shanga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.



GABATARWA

Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni aka zaɓa in yi jawabin bana, na ɗauka za a ce in yi magana a kan jarrabawa ko gyaran ajujuwa, kamar yadda aka saba. Sai na ga an rubuta cewa in zaɓi abin da na ga ya dace. Na daɗe ina juya al'amarin a zuci, har ran nan wani jikana ya zo da wayarsa ya ce, "Kaka, zo ka ga waɗansu mahaukatan Turawa." Na karɓa na duba. Sai ga mutane huɗu, kowa cikin ɗan mitsitsin jirginsa, suna gangarawa cikin wani rafi mai kumfa tsakanin duwatsu masu tsawon gaske, a tsakiyar hamada, babu gida babu hanya. Yaron yana ta dariya. Ni kuwa da na ƙara dubawa sai dariya ta ɗauke mini, domin na ga suna yin waɗansu abubuwa da na taɓa gani da idona shekaru masu yawa da suka wuce, a hannun wani tsoho matuƙin jirgi na ƙasar nan wanda bai taɓa shiga aji ba.

Saboda haka abin da zan yi magana a kai yau shi ne tafiyar kwana da kwanaki a kan ruwa mai haɗari: yadda waɗancan mutane suke yin ta don wasa su dawo gida lafiya, da yadda iyayenmu suke yin ta don neman abinci su dawo gida lafiya, da kuma dalilin da ya sa mu a yau muke yin ta muna binne 'yan'uwanmu. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci.

WASAN TUƘIN KWAZAZZABO

Jirgin da waɗannan mutane suke amfani da shi ana kiransa kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara na can arewacin duniya, waɗanda suke ɗinka shi da fatar dabbobin ruwa don farauta. Na zamani da roba mai ƙarfi ake yin sa, tsawonsa bai kai mita uku ba, mutum ɗaya yake ɗauka. Matuƙin yana zaune a ciki ƙafafunsa a miƙe, an rufe bakin jirgin da wani ƙyalle da ke ɗaure a ƙugunsa don kada ruwa ya shiga, yana riƙe da filafili mai baki biyu. In jirgin ya kife, akwai dabarar da yake yi da ƙugu da filafili ya mirgino sama ba tare da ya fita ba. Wasan ya bunƙasa har ya shiga gasar Olamfik a Jamus a shekarar 1972.

To, a cikin masu wannan wasa akwai waɗanda tseren rana ɗaya bai ishe su ba. Su ne suke shiga rafukan hamada. A jihar Aidaho ta ƙasar Amurka akwai rafin Jarbidge wanda yake zubawa cikin kogin Bruneau. Ruwan ya ƙwaƙule dutse ya yi kwazazzabo mai zurfi, bango dama bango hagu, tafiyar kimanin mil 70, wadda takan ci kwana huɗu zuwa shida. Ruwan ba ya isa tuƙi sai 'yan makonni a shekara, lokacin da ƙanƙarar kan duwatsu take narkewa, wajen watan Afrilu zuwa Yuni. Wanda ya shiga ya shiga ke nan, domin wuraren da za a iya hawowa waje kaɗan ne, wayar hannu kuma ba ta kamawa. Abincinsa da shimfiɗarsa da maganinsa duk yana cusa su cikin jakunkunan da ruwa ba ya ratsawa, ya tura su cikin ɗan jirgin nan.

Duk wanda ya ji wannan zai ce ganganci ne, kuma lalle akwai haɗari, ana kuma mutuwa jefi-jefi. Amma da na bincika sai na tarar suna da dokoki da ba sa wasa da su. Ga kaɗan daga ciki.

Na farko, ba sa shiga sai sun san yawan ruwan. Gwamnatin ƙasar tana da ma'aunai a bakin koguna, ana ganin lissafinsu a intanet. In ruwa ya wuce ƙima sai su koma gida, ko da sun yi tafiyar kwana biyu a mota kafin su iso.

Na biyu, sun kasa ƙarfin ruwa mataki shida. Mataki na ɗaya ruwa ne mai sauƙi, na shida kuwa wanda shigarsa sayar da rai ne. Kowa ya san matakin da ya kai, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya ce wannan ya fi ƙarfina.

Na uku, in sun ji rurin ruwa a gaba ba su ga ƙarshensa ba, sai su tsaya a gaɓa, su fita, su taka da ƙafa su duba. In sun ga ba ya shiguwa sai kowa ya saɓa jirginsa a kafaɗa ya zagaya ta kan duwatsu. A rafin Jarbidge ɗin nan akwai wani gangare da kusan kowa saɓa jirgi yake yi a wurin, komai gwanintarsa.

Na huɗu, babu mai taɓa ruwa ba tare da rigar ruwa da hular kwano ba, kuma kowa yana da igiya cikin 'yar jaka wadda zai jefa wa ɗan'uwansa in ya faɗa. Ba sa tafiya mutum ɗaya, ba sa tuƙi da dare.

A babban kwazazzabon nan na Grand Canyon, inda kogin Kolarado ya ratsa, tafiyar ta fi mil 220, tana cin mako biyu zuwa uku. A can sai da takardar izini ake shiga, kuma a mashigar akwai ma'aikacin gwamnati da zai duba kayan kowa, har rigunan ruwa, kafin a bar shi ya tura jirgi. Ku riƙe wannan a zuci, zan komo kansa.

MATAFIYA BIYU, ƘARSHE BIYU

Mutumin da ya fara jagorantar ayari ya ratsa wancan kwazazzabo shi ne John Wesley Powell, tsohon soja mai hannu ɗaya, domin ya rasa na dama a yaƙin basasar Amurka. Ya tashi ran 24 ga Mayu, 1869, da mutane tara da jirage huɗu na katako, ba taswira, ba wanda zai tambaya. Jirgi ɗaya ya farfashe tun tafiya ba ta yi nisa ba, abinci mai yawa ya salwanta. Ɗabi'ar Powell ita ce tsayawa ya duba. Wurare da yawa sai ya sa a sauke kaya a ɗauka a ka, a zura jiragen da igiya daga gaɓa. Mutanensa sun gaji da wannan jinkiri, har uku daga cikinsu suka rabu da ayarin dab da ƙarshe suka hau tudu, ba a sake ganinsu ba. Amma a ƙarshen watan Agusta ya fito da sauran, kuma duk tsawon wata uku babu mutum ɗaya da ruwa ya ci.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya zauna a ajin tarihi a makarantar nan ya san sunan Mungo Park. A watan Nuwamba na 1805 ya taso daga Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a wani jirgi da ya harhaɗa daga kwalekwalen mutanen wurin, da niyyar bin Kwara har inda ta ƙare. Ya yi tafiyar fiye da mil dubu, yana gudun tsayawa, yana harbin duk wanda ya matso. Da ya iso ƙasar Yauri sai jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya sauka, domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Park ya ci gaba ba tare da wanda ya san ruwan gaba ba. A Busa, inda kogin ya rarrabu tsakanin duwatsu, jirgin ya maƙale, aka yi ta jifa da harbi daga gaɓa, shi da Turawan da suka rage suka faɗa ruwa, nan suka halaka a farkon 1806.

Bayan shekara ashirin da huɗu, a 1830, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka zo Busa, suka hauro har Yauri suna neman takardun Park, suka zauna makonni. Da za su gangara sai suka nemi jirage daga sarakuna, suka bar 'yan ƙasa su tuƙa su mataki-mataki. Suka wuce duwatsun lafiya, suka isa teku a watan Nuwamba na shekarar. A 1946 zuwa 1947 kuma waɗansu Faransawa uku, Jean Rouch da Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin nan tun daga mafarinsa a ƙasar Gini har teku, tafiyar kusan kilomita 4,200, mafi yawanta a kwalekwale.

Abin da nake so ɗalibai su lura da shi shi ne, duwatsun da suka ci Mungo Park, kakannin mutanen ƙasar nan, Gungawa da Lopawa da Sarkawa da maƙwabtanmu na Busa, sun daɗe suna ratsa su da kaya da iyali. Littafin makaranta ya koya mana sunan wanda ya nutse, bai koya mana sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka san hanya ba.

TAFIYATA TA KWANA HUƊU

A babban hutu na 1975, ina aji uku, mahaifina ya haɗa ni da wani amininsa, tsohon Basarke, wanda zai kai buhunan dawa da gishiri daga wata tunga ta ƙasar Shanga zuwa Wara. Jirgin ba shi da inji. Mu huɗu ne: tsohon, da 'ya'yansa biyu, da ni ɗan makaranta mai jakar littattafai. Guzurinmu garin rogo da ƙuliƙuli da busasshen kifi da 'yar tukunya. Aikin da aka ba ni shi ne kwarfe ruwa da ƙwarya.

Tun kafin mu tashi na fara ganin abin da ban fahimta ba. Aka gama lodi, sai tsohon ya tsuguna ya auna gefen jirgin da tafin hannunsa, daga bakin katako zuwa ruwa. Ya girgiza kai, ya sa aka sauke buhu biyu. Mai dawar ya yi ta roƙo, har ya ce zai ƙara kuɗi. Tsohon ya ce masa, "Alhaji, in ka biya ni, wa zai biya ruwa?" Buhunan nan biyu a gaɓa muka bar su.

Rana ta biyu muka iso wani wuri da ruwa ya matse tsakanin gungu da waɗansu duwatsu. Tun daga nesa ya ɗaga hannu, aka kai jirgi gaɓa. Ya sauka ya taka har gaba, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya jefa kara ya bi shi da ido. Da ya dawo sai ya ce a sauke rabin kaya. Muka yi ta jidar buhu a ka muna ratsa ciyawa, sa'an nan suka zura jirgin da igiya da gora. Wajen awa uku muka ɓata. Na ce masa, "Baba, ai na ji an ce sau da yawa kana bin nan." Ya ce, "Ɗiyana, na san dutsen, amma ruwan yau ban san shi ba sai da nid duba."

Rana ta uku muka wuce Yelwa muka shiga faɗin tabki. Lokacin shekara bakwai ke nan da tare ruwa a Kainji, kuma a watan Yuli tabkin yana ƙasa ƙwarai, ga kututturan itatuwan da ruwa ya cinye sun fito kamar haƙora, waɗansu kuma suna ɓoye kaɗan a ƙarƙashi. Tsohon yana tafe yana nuna mini da baki: nan kasuwa ce a da, can maƙabarta, wancan layin itatuwa bakin tsohon kogi ne, in ka bi ta gefensa kana kan zurfi. Garuruwan da suka nutse suna nan a kansa kamar taswira.

Da la'asar ta yi sai ya dubi gabas ya ce a nan za mu kwana, a wani ɗan gungu. Ni kuwa na ƙosa, sauro ya cinye ni, hannuna ya yi kanta, ga sama tangaran in ban da wani ɗan baƙi can ƙasa-ƙasa. Na buɗe baki da rashin kunyar ɗan aji uku na ce a makaranta an koya mana yadda hadari yake haɗuwa, wannan ba zai iso ba sai dare, mu ƙetare kawai. 'Ya'yansa suka yi tsit. Shi kuwa bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam ƙarami, ruwa ba shi da aboki. Shekarata hamsin bisa gare shi, ko yau bai san sunana ba." Aka ja jirgi tudu, aka ɗaure shi gaba da baya, aka rufe kaya da tabarmi.

Ba a yi awa ɗaya ba iska ta taso. Ban taɓa ganin irinta ba. Tabkin nan da yake kwance kamar faranti ya tashi da igiyoyi masu farin kai, ruwan sama yana dukanmu ta gefe, muna ƙanƙame da juna a gindin wata bishiya. Da mun bi maganata, da iskar ta same mu a tsakiya, tsakanin kututture, da jirgi cike da gishiri. Da gari ya waye tsohon bai ce mini komai ba, ya dai miƙo mini ƙwaryata. Har muka isa Wara ban ƙara koya wa kowa ilmin hadari ba.

Ku gwada abin da tsohon nan ya yi da dokokin Turawan cikin wayar jikana. Ya auna kaya, ya tsaya ya duba, ya sauke ya zagaya, ya ƙi tafiyar dare, ya karanta sama, kuma a jirginsa magana ɗaya ce. Abu guda kawai suka fi shi da shi, watau rigar ruwa, shi kuwa a madadinta yana da 'ya'yan da suka iya iyo tun suna rarrafe.

ABIN DA YA SAUYA

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwa a 1968. Tabkin da ya samu ya kai tsawon kilomita 130 da wani abu, faɗinsa a wani wuri ya wuce kilomita 20. Tsohuwar Busa da duwatsun da Park ya halaka duk suna ƙarƙashinsa yanzu. An tashi mutane fiye da dubu arba'in daga garuruwansu da gungunansu aka sake musu matsuguni. Ƙasa ta sami wutar lantarki, masunta sun sami kifi, amma ruwan da iyayenmu suka sani ya zama wani ruwa dabam. A da haɗarin dutse ne da ƙarfin gudu. Yanzu haɗarin faɗi ne da iska da igiyar ruwa da kututture, ga kuma dorina a wuraren da take kiwo.

Har ila yau kogin yana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa mai laka na daminarmu, wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ruwan saman ƙasar Gini ne da ya tsaya ya tace a fadamun Mali, ba ya isowa nan sai cikin hunturu. Saboda haka hanyar da jirgi ya bi lafiya a watan Janairu tana iya zama tarko a watan Yuni. Tsofaffi sun san wannan lissafi. Yaron da aka ba inji jiya bai san shi ba.

Sa'an nan inji ya zo. Ba na zagin inji, domin ya sauƙaƙe wahala, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai albasa da shinkafa da kifi kasuwa a kan lokaci. Amma a da kafin a ba mutum jirgi sai ya yi shekaru yana kwarfe ruwa, ya yi shekaru yana gaba da gora, kana ya koma baya ya riƙe tuƙi. Yanzu duk wanda ya iya jan igiyar inji ya zama direba. Jirgi ya ƙara girma, katako ya tsufa ba a sauya ba, mai ya yi tsada, saboda haka sai an cika maƙil da mutane da babura da buhuna kafin a tashi, sau da yawa kuma sai rana ta faɗi bayan an tashi daga kasuwa.

Sakamakon kuwa duk mun gan shi. Ran 26 ga Mayu, 2021, jirgi ya rabe a kan ruwan nan kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150. Waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. Hukumomi sun ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodi fiye da ƙima. A watan Yuni na 2023 kuma, a ƙasar Patigi ta jihar Kwara, a kan wannan kogi dai, mutane fiye da ɗari suka rasu suna dawowa daga biki da dare. A zauren nan na san akwai waɗanda suka tsaya a gaɓa suna jiran a fito da nasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba mu haƙurin rashinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma yara da matasa suna da kaso mai yawa a ciki.

Na san abin da wani zai ce: Turawan nan wasa suke yi, suna da zaɓi, mu kuwa dole ce ta sa, hanyoyin mota sun lalace, wani ƙauyen ma ba shi da hanya sai ruwa. Wannan gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan gwamnati ta gyara hanyoyi ta kawo jirage masu inganci. Amma tsohon da na ba ku labari ya fi kowane direban yau talauci, duk da haka ya bar buhu biyu a gaɓa. Wani kuma zai ce kwana ne ya ƙare. Babu mai jayayya da ƙaddara, sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaukar matakin kare ransa, rigakafi kuwa ya fi magani.

ABIN DA NAKE ROƘON ƘUNGIYA

Shugaban taro, ban zo don in tayar da hankali in zauna ba. Ga shawarwari biyar da nake ganin ba su fi ƙarfinmu ba.

1. Koyar da iyo. Yawancin ɗaliban makarantar nan, musamman 'yan mata da 'ya'yan tudu, ba su iya iyo ba, alhali kuwa da yawansu ruwa suke ƙetarewa in an yi hutu. Mu nemi yardar iyaye da hukumar makaranta, mu ɗauki gwanaye daga cikin Sarkawa da Gungawa, maza ga maza, mata ga mata, a sami wuri marar zurfi a killace, a riƙa koyarwa ƙarƙashin kulawar malamai.

2. Rigunan ruwa. Kowane rukunin shekara ya ɗauki nauyin sayen adadin da zai iya. A ajiye waɗansu a makaranta don ɗalibai masu ƙetare ruwa su ara su dawo da su, sauran a danƙa wa shugabannin matuƙa a mashigar da ta fi kusa, da rajista. Rigar da aka kulle a sito ba ta ceton kowa, saboda haka a naɗa wanda zai riƙa zagayawa yana dubawa.

3. Rubuta ilmin tsofaffi. Waɗanda suka san kogin kafin 1968 saura kaɗan. Malamin labarin ƙasa ya ɗauki ɗalibansa su zauna da Sarkin Ruwa da tsofaffin matuƙa, su rubuta sunayen gungu da duwatsu da wuraren kututture da alamun iska, a zana taswira da Hausa, mu kuma mu buga ta a mujallar nan. Inda aka tabbatar da kututture a kan hanyar jirage, a haɗa kai da matuƙa a kafa alama.

4. Mai duba jirgi a mashiga. Na gaya muku a Grand Canyon akwai wanda yake duba kaya kafin a tashi. Mu ma muna da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta kuma hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, ta wajabta sa rigar ruwa. Doka tana nan, mai tsayawa a kanta a kowace mashiga ne babu. A cikinmu akwai kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma da masu sarauta. Mu kai kuka gaban Masarautar Yauri da ƙananan hukumomin Shanga da Yauri da Ngaski, a sa wa kowane jirgi layin fenti a gefe wanda in ruwa ya taɓa shi ba za a tashi ba, a kuma rubuta yawan mutanen da zai ɗauka. Layin fentin nan shi ne tafin hannun tsohon nan.

5. Mu fara da kanmu. Ɗan boko da babbar riga in ya sa rigar ruwa a gaban jama'a, talaka ba zai ji kunyar sawa ba. In ka ga jirgi ya cika, ka sauka, ka faɗi dalili da ƙarfi kowa ya ji. Za a yi maka dariya, a ce matsoraci. Ni ma na taɓa yi wa wani tsoho kallon matsoraci, ga shi albarkacinsa na kai ga ganin jikoki.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kan nutsewa a ruwa. Ina ba da shawara ƙungiya ta riƙi wannan rana, a tara ɗalibai da matuƙa a bakin ruwa, a yi gasar iyo da tseren kwalekwale irin na bikin Rigata na Yauri, a ba da kyauta ga matuƙin da ya shekara bai yi lodin ganganci ba.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, da jikana ya karɓi wayarsa ya tambaye ni ko har yanzu ina ganin mutanen nan mahaukata ne. Na ce masa mutumin da ya sa hular kwano, ya sa rigar ruwa, ya sauka ya duba gaba kafin ya shiga, ban isa in kira shi mahaukaci ba, alhali ni na sha shiga jirgi mai mutum ɗari da magariba ba tare da na tambayi komai ba. Ku ɗalibai, in an yi hutu kun je gida, ku nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a kan ruwa a garinku, ku gaishe shi, ku zauna ku tambaye shi, ku zo da abin da ya faɗa a rubuce. Ni na yi alkawarin rigunan ruwa ashirin a madadin 'yan ajinmu, zan kuma danƙa wa ma'aji kuɗinsu kafin a tashi daga taron nan. Ina fata sauran rukunoni ba za su bari mu tsofaffi mu kunyata su ba.

 Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya kai kowa gidansa lafiya, na tudu da na ruwa.